Ƙadangaren da ke rawa a kan rairayin Namib: ina yake zaune, kuma ɗan wane dangi ne?

Tambaya: Na ga bidiyon wani ɗan ƙaramin ƙadangare a kan tudun rairayi kusa da teku, yana ɗaga ƙafa biyu yana sauke biyu kamar mai rawa, can kuma ya nutse cikin yashi ya ɓace. A ina yake rayuwa? Irin ƙadangarenmu na bango ne? Ana samunsa a Saharar Nijar?

Amsa: Malam, abin da ka gani ɗan hamadar Namib ne, a gaɓar kudu maso yammacin Afirka, kuma sunansa na kimiyya Meroles anchietae. Ba a samunsa a Nijar, ba a samunsa a ko'ina cikin Sahara, kuma danginsa daban da na jan-gwadan da ke gyaɗa kai a katangar gida. Sai dai a ce maka yana Namibiya da Angola kawai, an ba ka rabin amsa ne. Mutum zai iya yin mako guda yana yawo a Namibiya bai ga ko ɗaya ba, alhali wani ya tsaya a gindin tudu guda ya ƙirga da dama kafin hantsi. Dabbar nan ba ƙasa ta zaɓa ba, wani irin rairayi ta zaɓa, a wani sashe na tudu, a inda hazon teku yake isa. Wanda ya gane wannan ya gane yankinsa, ya gane siffarsa, har ma ya gane dalilin da ya sa masana suka yi ta sauya masa suna.

Mu fara da taswira. Namib doguwar hamada ce siririya da ta bi gaɓar Tekun Atilantika na kusan kilomita 2,000, daga kudancin Angola, ta ratsa Namibiya gaba ɗaya, ta taɓa arewa maso yammacin Afirka ta Kudu. Amma ba dukanta ce rairayi ba. Babban ɓangarenta fili ne na tsakuwa da duwatsu, kuma ƙadangaren nan ba ya zama a tsakuwa ko kaɗan. Don haka yankinsa a yanke yake, kashi biyu manya. Kashi na kudu shi ne babban tekun rairayin da ya tashi daga wajen garin Luderitz ya miƙe arewa har Kogin Kuiseb, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 30,000, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Daga nan akwai wani siririn zirin tuddai da ya bi bakin teku tsakanin Walvis Bay da Swakopmund, tafiyar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan, kuma a nan ne masu yawon buɗe ido suka fi ɗaukar hotonsa. A kudu da Luderitz ma ana samunsa a tuddan yankin haƙar lu'ulu'u. Kashi na arewa kuwa shi ne tuddan gaɓar arewacin Namibiya, su haye Kogin Kunene su shiga Angola, su tsaya a wajen Kogin Curoca. Tsakanin kashin biyu akwai tazarar ɗaruruwan kilomita da yawancinta tsakuwa ce.

Kogin Kuiseb ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Yawancin shekara busasshe ne, amma idan aka yi ruwa a tsaunukan cikin ƙasa sai ambaliya ta zo ta share rairayin da iska ta turo cikin kwarinsa. Shi ya sa a hoton tauraron ɗan'adam za ka ga jan rairayi a kudu, farin filin tsakuwa a arewa, kamar an ja layi da wuƙa. A bakin wannan kogi ne aka kafa tashar bincike ta Gobabeb a 1962, kusan kilomita 60 daga teku, kuma mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar wannan ƙadangare daga nan ya fito.

Wannan nisa na kilomita 60 yana gyara wata fahimta. Idan aka ce ɗan tuddan gaɓar teku ne, ba ana nufin yana zaune a inda igiyar ruwa ke dukan yashi ba. Jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa a danƙare yake, ga gishiri, ba ya nutsuwa. Abin da teku ke ba shi hazo ne. Ruwan da ke gaɓar nan mai sanyi ne ƙwarai saboda igiyar Benguela da ke taso da ruwan ƙasan teku zuwa sama. Iska mai laima idan ta bi ta kan wannan ruwa sai ta yi sanyi, ta zama hazo, ta shigo ƙasa da dare ko da asuba. Kar Bahaushe ya ɗauka irin hazon hunturu ne mai ƙura da ke fasa leɓe. Wannan hazo ruwa ne tsantsa, yana jiƙa riga, yana taruwa ɗigo-ɗigo a kan ciyawa da saman yashi. Ruwan sama a bakin gaɓar ba ya kai milimita 20 a shekara, abin da hadari ɗaya mai ƙarfi zai zubar a Kano cikin dare guda. Hazo kuwa yakan sauka fiye da kwana 100 a shekara a bakin teku, yana raguwa yayin da aka nausa cikin ƙasa. Ƙadangaren yana lasar ɗigon da ya taru, yana kuma samun ruwa daga ƙwarin da yake ci, waɗanda su ma da hazon suke rayuwa.

Yanzu ga ainihin mazauninsa. Tudun rairayi fuska biyu gare shi. Fuskar da iska ke duka a kwance take, yashinta ya daddale, mutum yana iya takawa ba tare da ya nutse sosai ba. Iska tana kwaso ƙwayoyin yashi ta haura da su wannan fuska, su tsallake ƙololuwa, su zubo ta baya. Wannan bayan shi ne gangare mai zuba. A tsaye yake, wajen digiri 32 zuwa 34 na karkata, wato iyakar abin da busasshen yashi ke iya tsayawa kafin ya zame. Idan ka sa ƙafa za ka nutse har ƙauri, ka ga yashi yana gangarowa daga sama kamar gari daga bakin buhu. A wannan gangare ƙadangaren yake kwana, a nan yake kiwo, a nan yake ɓuya, kuma a kansa maza suke faɗa.

Dalili biyu ne. Na farko, sako-sakon yashi ne kaɗai yake iya nutsewa a ciki, kuma akwai iska tsakanin ƙwayoyinsa da za ta ishe shi numfashi ko da ya yi yini da kwana a binne. Ba ya haƙa rami, ba shi da wani gida da yake komawa. Duk inda haɗari ya same shi a kan gangaren, nan ne ƙofarsa. Na biyu, bayan tudu wurin da iska ke rage ƙarfi ne, saboda haka duk abin da ta ɗebo daga nesa a nan take zubar da shi: busasshiyar ciyawa, irin tsirrai, fukafukan ƙwari, gawar ƙananan halittu. Idan ka duƙa a gindin gangaren za ka ga wannan tarkace ya taru ya yi layi, launin toka-toka, kamar ƙaiƙayin da aka sheƙe. Ƙwaro masu baƙin baya suna zuwa ci, ƙadangare yana cin ƙwaron da tsutsotsinsu. Idan fari ya tsananta ƙwari suka yi ƙaranci, sai ya koma cin irin ciyawar tuddai da na wani ɗan tsiro mai kaurin ganye da ake kira Trianthema. Cin iri baƙon abu ne a danginsa, domin yawancinsu ƙwari kawai suka sani, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa yake iya zama a tudun da babu ko tsiro ɗaya a kansa.

Rawar da ka gani maganin zafi ce. Saman yashin Namib da tsakar rana yakan wuce digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, dabbar kuma ƙarama ce: daga hanci zuwa gindin wutsiya wajen santimita 5, da wutsiya duka 10 zuwa 12, nauyinta gram kaɗan. Jiki irin wannan yana ɗaukar zafi cikin mintuna. Da safe yana fitowa idan yashi ya fara ɗumi, ya kwanta ya manna ciki don ya sha ɗumin. Idan saman yashin ya haura wajen digiri 40 sai ya miƙe ƙafafu ya nisanta ciki daga ƙasa, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, ya riƙe su a iska su huce, ya sauke ya ɗaga sauran biyun. Wani lokaci yakan dogara da ciki ya ɗaga duka huɗun. Rawar ba ta hana shi zafi gaba ɗaya, ƙarin lokacin kiwo kawai take saya masa. Idan abin ya fi ƙarfinsa, ko dai ya ruga ƙololuwar tudu inda iska ke kaɗawa, ko ya nutse. Tazarar taƙi guda a ƙarƙashin yashi, zafin ya ragu sosai kuma ba ya hawa da sauka kamar na sama. Shi ya sa a ranar zafi yake fitowa sau biyu, da hantsi da kuma bayan la'asar, amma a ranar hazo mai sanyi kusa da teku yakan fito sau ɗaya da tsakar rana.

Dubi jikinsa da kyau za ka ga yashin ne ya tsara shi. Hancinsa faffaɗa ne mai kaifin gefe kamar bakin shebur. Haɓarsa ta ƙasa ta shige ƙarƙashin ta sama, don kada yashi ya buɗe masa baki lokacin da yake kutsawa. Ƙofofin hancinsa a sama suke, kuma yana iya toshe su. Fatarsa mai santsi ce, ƙananan ɓawo ne a jere. Ƙafafun baya dogaye ne, yatsun kuma suna da wasu ɓawo masu tsini a gefe kamar haƙoran mataji, waɗanda ke ƙara faɗin tafin ƙafa don kada ya nutse sa'ad da yake gudu. Nutsewar kanta kamar ƙiftawar ido take: ya soka kai, ya murɗa jiki da wutsiya, ƙafafun baya su tura, sai yashin gangaren ya zubo ya shafe wurin. Launinsa na yashin ne, da ɗan zane kamar raga a baya, cikinsa fari, wutsiya da 'yan baƙaƙen zobba.

Babban maƙiyinsa wata 'yar ƙaramar macijiya ce, Bitis peringueyi, gida ɗaya da macijiyar nan kasa da muka sani amma tsawonta bai cika wuce santimita 30 ba. Idanunta a saman kai suke. Takan binne jikinta a yashi ta bar idanu kawai, wani lokaci da bakin wutsiya tana motsa shi kamar tsutsa. Ƙadangaren shi ne abincinta, shi ne kuma ruwan shanta. Ban da ita akwai hawainiyar hamada da tsuntsaye masu farauta. Haihuwarsa kaɗan-kaɗan ce: mace tana yin ƙwai ɗaya ko biyu a lokaci guda, manya idan aka gwada da jikinta, kuma ba ta jira damina ba, tana iya yi a kowane lokaci na shekara idan abinci ya samu. Ƙwan ba a sako-sakon gangare take binne shi ba, takan nemi inda yashi ya ɗan daddale yana riƙe laima.

Sai batun dangi. A tsarin masana, yana cikin dabbobi masu ƙashin baya, ajin masu jan ciki, rukunin Squamata da ya haɗa ƙadangaru da macizai, dangin Lacertidae, gidan Meroles, jinsin anchietae. Ƙadangaren bango namu, Agama agama, ɗan dangin Agamidae ne, kuma a asali ya fi kusa da hawainiya fiye da yadda yake kusa da wannan na Namib. Kulɓa tana Scincidae, tsaka tana Gekkonidae, damo da guza suna Varanidae. Kalmar ƙadangare a bakinmu ta rufe dangogi da yawa da suka rabu tun miliyoyin shekaru. Lacertidae dangi ne mai jinsi sama da 300 a Turai da Asiya da Afirka, siraran jiki, dogayen wutsiya, masu manyan ɓawo a jere a saman kai, masu gudu da rana.

Tarihin sunansa yana da amfani a aikace, domin wanda bai san shi ba zai rasa rabin abin da aka rubuta. Masanin dabbobi ɗan Fotugal, Barbosa du Bocage na gidan adana kayan tarihin halittu a Lisbon, shi ya fara bayyana shi a 1867 daga samfurin da aka kawo daga kudancin Angola. Ya sa masa anchietae don girmama José de Anchieta, wanda ya shafe shekaru yana tattara dabbobi a Angola yana aika masa. Sunan gidan da Bocage ya ba shi Pachyrhynchus ne, amma an riga an ba wani gidan ƙwari wannan suna, kuma ƙa'ida ba ta yarda gida biyu na dabbobi su ɗauki suna ɗaya ba. A 1887 George Boulenger na Landan ya buɗe masa gida shi kaɗai, Aporosaura, ma'ana ƙadangare marar huda. Hudar da ake nufi wasu 'yan ƙananan ƙofofi ne a jere a ƙarƙashin cinyar mafi yawan 'yan Lacertidae, masu fitar da wani maiƙo mai ƙamshi da suke shafawa a dutse ko ƙasa don sanar da juna. Wannan ba shi da su, kuma ana iya fahimtar dalili: alamar da aka shafa a yashin da iska za ta kwashe kafin azahar ba ta da amfani.

Ya yi fiye da shekara ɗari da wannan suna. A 1991 Nicholas Arnold, shi ma na Landan, ya jera 'yan gidan Meroles ya gwada siffofinsu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa suna tafiya ne kamar matakala: daga masu zama a ƙasa mai tauri, zuwa masu zama a yashi mai ciyayi, zuwa masu nutsewa. Aporosaura shi ne matakin ƙarshe na wannan matakala, ba baƙo ba ne daga wani gida. Sai ya mayar da shi Meroles, kuma binciken ƙwayoyin halitta da aka yi daga baya ya tabbatar da zamansa a nan. A ganina wannan gyara daidai ne, kuma darasinsa a fili yake ga mai rarraba dabbobi: bambancin siffa, komai girmansa, ba shi ne hujjar raba gida ba idan muhalli mai tsanani ne ya haifar da shi. Don haka idan kana neman rubuce-rubucen Gobabeb na shekarun 1970 da 1980, da Aporosaura za ka nema. Za ka kuma ga ana rubuta sunan Bocage da shekarar 1867 a cikin baka bayan sunan jinsin. Bakan alama ce cewa an ɗauke shi daga gidan da aka fara sa shi.

Gidan Meroles a yau jinsi takwas ne, na takwas ɗin an shigo da shi ne daga gidan Ichnotropis bayan binciken ƙwayoyin halitta a farkon shekarun 2010. Wanda aka fi rikita shi da anchietae shi ne Meroles cuneirostris, domin a tudu ɗaya ake samunsu kuma shi ma yana nutsewa. Hanyar rabewa: cuneirostris yana zama a gindin tudu da kwarin da ke tsakanin tuddai, kusa da kututturen ciyawa, idan ya tsorata yakan ruga wajen tsiro tukuna, hancinsa ya fi kama da tsinin gatari, kuma yana da hudar cinya. Anchietae yana can tsakiyar gangare tsirara, hancinsa ya fi faɗi. A tuddan arewa akwai wani babba mai nutsewa, Gerrhosaurus skoogi, wanda ya ninka shi girma sosai kuma danginsa daban. Da dare kuma wata tsaka ta Namib mai tafin ƙafa kamar na agwagwa ce ke yawo a kan tuddan, ba shi ba.

Game da Nijar, abin da za ka gani a rairayin Tenere ko tuddan Tal kusa da N'guigmi mai kama da shi ɗan gidan Acanthodactylus ne. Dangi ɗaya suke, Lacertidae, shi ma yatsunsa suna da mataji, amma yana haƙa rami a gindin tsiro, hancinsa mai tsini ne, kuma yana da hudar cinya. Mai iyo a cikin yashin Sahara kuwa kulɓa ce ta gidan Scincus. A hamadar kudu maso yammacin Amurka ma akwai gidan Uma mai irin wannan yatsu da irin wannan haɓa, alhali danginsa can nesa yake. Yashi iri ɗaya yakan ƙera siffa iri ɗaya a dangogi mabambanta, kuma nan ne masu gane dabba daga hoto suka fi yin kuskure. Hoton da ba a faɗi inda aka ɗauke shi ba bai isa hujja ba.

Ga wanda zai je nemansa ko ƙirga shi, kurakuran sanannu ne. Mutum yakan bi fuskar tudu mai tauri saboda ta fi daɗin tafiya, ya dawo ya ce babu. Ko ya fita da tsakar rana lokacin zafi, duk suna ƙasa. Ko ya haura tsakiyar gangaren, yashi ya zubo, girgizar ta sa kowa ya nutse kafin ya ɗaga ido. Abin yi shi ne a bi gindin gangaren a hankali, ko a zauna a gefe da madubin hangen nesa, a jira kamar minti 15 ba motsi. A riƙa auna zafin saman yashi ana rubutawa tare da lokaci, domin ƙidayar da aka yi a digiri 35 ba a gwada ta da wadda aka yi a digiri 48. A lura da iskar gabas mai zafi da ke kaɗawa tsakanin Mayu da Agusta, lokacin sanyin can, domin takan juya ƙololuwar tudu ta mayar da gangare mai zuba ɗaya gefen, ƙadangarun kuma su bi shi. Don tabbatar da jinsi ana buƙatar hoton kai daga sama da daga gefe, da na yatsun baya, da wurin da aka gan shi a taswira. Kama shi sai da izinin hukumar muhalli ta ƙasar, domin mafi yawan tuddan suna cikin gandun da aka keɓe, irin su Namib-Naukluft da Dorob a Namibiya da Iona a Angola. Kada a tona inda ya nutse da hannu: wutsiyarsa tana yankewa, kuma fito da shi saman yashi mai zafi da tsakar rana na iya kashe shi cikin 'yan mintuna.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, saboda yankinsa faffaɗa ne kuma kusan babu mai zama a ciki. Matsalar da ake gani a zirin Walvis Bay da Swakopmund take, inda motoci da babura masu ƙafa huɗu ke hawa tuddai don wasa. Taya tana danne yashin da ake binne ƙwai, tana murƙushe wanda ya nutse bai yi zurfi ba, tana tarwatsa tarkacen da ke gindin gangare. Saboda haka hukumar gandun Dorob ta ware wasu tuddai don wasan mota ta hana shiga sauran, kuma mai ziyara ya tambayi iyakar kafin ya sauka daga kwalta.